Yadda muka zaɓi inshorar tsufa ni da Alhaji a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni Bakanuwa ce, haihuwar cikin birni, amma tun ƙarshen shekarun 1990 nake zaune a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Bizar caca ce ta kawo mu, a zamanin da ake barin 'yan Nijeriya su shiga, kuma sunana ne ya fito, Alhaji da yara suka shigo ta kaina. Hausawan garin nan galibi 'yan Nijar ne, mutanen Damagaram da Maraɗi, ga kuma Zabarmawa. Mun zama dangi, suna da biki da rasuwa duk tare muke yi. Tun da na ajiye aiki a 2025, kusan kowace Juma'a sai wata ta ja ni gefe a wurin ajiye takalma: "Hajiya, yaya kuka yi da maganar Medicare? Maigidana saura 'yan watanni." Medicare ita ce inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Magana ce da ba ta yiwuwa a tsaitsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in ba da namu labarin tun daga tushe.

Duk tsawon shekarun nan a gidan kula da tsofaffi na yi aiki. Ni ba nas ba ce, mataimakiya ce: wanka, canza zanen gado, juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo, ba da abinci a baki. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma kowane biya ana cire haraji kafin kuɗin ya iso hannuna, ciki har da kashi 1.45 cikin ɗari da ake rubuta Medicare a gefensa, wurin aikin ma ya ƙara daidai wannan. Inshorar lafiyar wurin aikina ce ke ɗauke da ni da Alhaji. Shi da tasi ya fara, daga baya ya koma sayen motoci a gwanjo yana turawa Kwatano. Wata shekarar kasuwa ta yi kyau, wata ta ƙi, wata ma rabinta a gida yake yi yana bin mutane bashin kuɗin mota.

Alhaji ya girme ni da shekara uku da 'yan watanni, a takarda dai. Kamar yawancin sa'anninsa, a gida aka haife shi, da ya je yin fasfo sai aka rubuta masa 1 ga Janairu 1957. To akwai wata ƙa'ida a nan: wanda ranar haihuwarsa ta faɗo ɗaya ga wata, ana lissafa ya cika shekarun tun watan da ya wuce. Ke nan a wurin gwamnati Alhaji ya cika 65 tun Disambar 2021. Na kawo wannan ne saboda dattawan masallacinmu, in ka bincika, kusan duk ranar sabuwar shekara aka haife su. Damar rajista ta farko wata bakwai ce: uku kafin watan cika 65, watan kansa, da uku bayansa. Masu 1 ga Janairu tasu daga Satumba take farawa, ta ƙare ƙarshen Maris.

Muka je ofishin Social Security, don su ke yin rajistar. Ma'aikacin ya buga lambar Alhaji, ya ɗan yi shiru, sannan ya yi mana bayani. Sashen A, na kwanciya asibiti, kyauta ne ga wanda ya tara maki 40, kuma huɗu ne iyakar abin da ake samu a shekara, wato aƙalla shekara goma ana aiki ana biyan haraji. Na Alhaji talatin da 'yan kai. Shekarun da aka yi ta karɓar kuɗi hannu da hannu, da waɗanda aka nuna a takardar haraji cewa kasuwa asara ta yi, duk ga su nan a fuskar kwamfuta, sifili bayan sifili. Wanda makinsa ke tsakanin 30 da 39 sayen sashen A yake yi. A 2025 dala 285 ne a wata, wanda bai kai 30 ba kuwa 518. Sai mutumin ya juyo wajena ya tambayi shekaruna da tsawon aurenmu. Ya ce miji na iya samun sashen A kyauta albarkacin aikin matarsa, mata ma albarkacin na mijinta, muddin auren ya shekara, mai makin kuma ya kai 62. Ni a lokacin 61 nake. Sai a jira Yuni.

Har muka iso gida Alhaji bai ce uffan ba. Sai bayan isha, na ajiye masa tuwo, ya dubi kwanon ya ce, "Hajiya, yanzu har gadon asibiti ma da guminki zan kwanta?" Na ce, "Alhaji, kuɗin jirgin da ya kawo mu mu shida, gumin wa ne?" Bai amsa ba, amma ya ci tuwon. Na san ba kuɗin ke cin ransa ba. Namijin da ya shekara arba'in shi ke kawo cefane, rana ɗaya wani yaro a bayan tebur ya ce masa sunansa a ƙarƙashin na matarsa zai zauna, dole abin ya yi nauyi. Mata ku riƙe wannan ma: ko wadda aka saka tana iya cin albarkacin makin tsohon mijinta, idan auren ya kai shekara goma kuma ba ta sake wani ba.

Sashen B, na ganin likita da gwaje-gwaje, shi biya ake yi duk wata, sai dai wanda rashinsa ya kai jiha ta ɗauke masa. Ba mu karɓar wa Alhaji shi a lokacin ba, tunda ina kan aiki kuma wurin aikina babba ne, ma'aikata sun fi ashirin nesa ba kusa ba. A irin wannan hali doka ta yarda a jinkirta, kuma in aikin ya ƙare ana ba mutum wata takwas ya yi rajista. Wanda ya yi jinkiri ba tare da irin wannan uzuri ba, tara ce: kashi goma a kan kowace cikakkiyar shekarar da ya tsallake, kuma ba ta sauka har ya koma ga Allah.

A Yunin 2025 na cika 65, gwiwoyina kuwa tuni suka ce sun gaji. Muka tsayar zan ajiye aiki ƙarshen Mayu, mu biyun mu shiga sashen B ranar ɗaya ga Yuni, wurin aikina ya cike takardar shaidar cewa Alhaji yana cikin inshorarsu duk shekarun nan. Tun farkon shekara akwatin wasiƙunmu ya cika da takardun kamfanoni, wasu an yi musu kamannin na gwamnati. Waya ba ta hutawa. Wani abokin Alhaji ya haɗa shi da dillalin inshora, aka sa rana ya zo har falo. Mutum ne mai fara'a, ya cire takalminsa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya sha zoɓo ya yaba. Ya baje takardu: babu kuɗin wata, ga gyaran haƙori, ga tabarau, ga na'urar kunne, ga kati na sayen ƙananan magunguna a kanti, har motar kai mutum asibiti. Ina kallon Alhaji yana gyara zama. Ya ce a rubuta mu biyu yanzu yanzu. Ni kuwa na tambayi baƙon wa ke biyansa. Ya ce kamfanin, a kan kowane mutum da ya shigar. Alhaji ya ajiye biro. Shi ma fa dillali ne, ya san mai cin la'ada ba ya kushe hajarsa.

Autarmu, da ke aiki a kantin magani, ta ce kada mu sa hannu a komai tukuna. Ta nemo mana wani shiri da ake kira SHIIP, a ƙarƙashin ma'aikatar inshora ta jiharmu. Kowace jiha tana da irinsa da nata sunan. Masu ba da shawarar ba sa sayar da komai, ba sa karɓar ko sisi. Muka dace da wata tsohuwar Baturiya, malamar makaranta da ta yi ritaya, da tabarau rataye a wuya. Alhaji ya fara da abin da ke damunsa, shi so yake a haɗa shi da iyalinsa a tsari guda kamar yadda muke a inshorar aiki. Matar ta yi murmushi ta ce bayan Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar a 1965, tsohon shugaba Truman aka ba kati na farko, matarsa aka ba na biyu, ko su ba a haɗa su ba. Kowa da katinsa, da kuɗin watansa, da zaɓinsa. Inda kawai ake duba ku a matsayin mata da miji shi ne kuɗin shiga: ma'auratan da ke samun fiye da dala 212,000 a shekara, a lissafin 2025, ana ƙara musu kuɗin wata. Alhaji ya ce, "Wannan ba da mu ake ba, wuce gaba."

Ta ɗauki farar takarda ta raba ta biyu da layi. A gefe ɗaya, mutum ya zauna a hannun gwamnati kai tsaye da A da B. Duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar kana iya zuwa wurinsa. Sai dai a sashen B kashi 80 gwamnati ke biya, shi ma bayan ka cika kafin alƙalamin shekara, dala 257 a 2025. Ragowar kashi 20 naka ne, kuma ba a yanka masa iyaka ba. Kwanciya asibiti ma akwai kuɗi a wuyanka, dala 1,676 a 2025, ba kuma sau ɗaya a shekara ba: in ka fito ka yi wata biyu a gida ka sake kwanciya, sabon lissafi ne. Don toshe wannan giɓin ake sayen ƙarin inshora daga kamfani, wadda ake kira Medigap. Da haruffa aka kasa ta, kuma harafi ɗaya abu ɗaya ne ko a wane kamfani, farashi ne kaɗai ke bambanta. Magani kuma sai ka sayi sashen D daban. Haƙori da tabarau ba sa ciki.

A ɗaya gefen ta rubuta Medicare Advantage, abin da dillalin nan ya kawo mana. Gwamnati ta miƙa wa kamfani kuɗin kula da kai, kamfani ya riƙe ka. Kuɗin sashen B dai kana ci gaba da biyansa, abin da baƙonmu ya faɗa a gurguje yana kurɓar zoɓo. Kamfanin yana da jerin likitoci da asibitocinsa, manyan ayyuka sai an nemi izininsa, kowane zuwa kuma akwai ɗan abin da za ka bayar. Kyawunsa shi ne an yanka iyakar abin da zai fita daga aljihunka a shekara, wanda a 2025 doka ta ce kada ya wuce dala 9,350 ga wanda bai fita daga jerin ba. Fiye da rabin masu Medicare yanzu a nan suke. Ni yadda na fahimce shi, kamar ka ba mai abinci ɗaya kuɗin wata ne: da sauƙi, har da ƙarin nama, amma abin da ta dafa shi za ka ci.

Daga nan ta cire tabarau ta faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Medigap tana da wata shida kacal daga ranar da sashen B ya fara, waɗanda a cikinsu kamfani ba shi da ikon ƙin karɓarka ko ƙara maka kuɗi saboda ciwo. Bayan nan, a jiharmu da mafi yawan jihohi, sai sun binciki lafiyarka, kuma suna iya cewa a'a. Irin su New York da Connecticut ne suka bar ƙofar a buɗe kullum. Alhaji ya daɗe da ciwon suga, yana kan allurar insulin, an kuma sa masa ɗan bututu a jijiyar zuciya. Ta ce in Nuwamba ta wuce, da wuya wani kamfani ya yi marhabin da shi.

Ni ba sai an yi mini dogon bayani ba, don ƙarshen wannan hanya nan ne wurin aikina. Akwai wani dattijo da aka kawo mana da shanyewar ɓarin jiki, tsohon direban babbar mota, ƙato ne. Matarsa 'yar siririya, kullum da sassafe tana nan da kofin shayinta, ita ke goge masa baki. Masu gashin ƙashi suka yi ta fama da shi har ya fara miƙewa yana riƙe ƙarfe biyu, yana jan ƙafar hagu, muna ƙirga masa taku da ƙarfi kamar masu kallon ƙwallo. Ana cikin haka takarda ta zo: kamfaninsa zai daina biya nan da kwana biyu. Matar ta ɗaukaka ƙara ta waya, a tsaye a baranda hannunta na rawa, aka ƙara musu 'yan kwanaki, sannan wata takardar ta sake zuwa. Kuɗin kwana ɗaya a wurinmu ya fi abin da take samu a mako. Ni na taimaka aka ɗora shi a mota. Gidansu akwai matakala, ta gaya mini, kuma su biyu ne kawai. A ɗakin da ke kusa da nasa akwai wata mai irin ciwonsa, ita tana hannun gwamnati da Medigap, ta zauna har sai da masu gashin da kansu suka ce ta isa tafiya.

Ba zan zalunci kamfanoni ba, ko na hannun gwamnati ana iya kawo masa irin takardar nan, kuma shi ma yana da sharuɗɗa. Sai an kwantar da mutum asibiti kwana uku cur a matsayin majinyacin da aka ba gado kafin a biya masa zaman gashi. Kwana 20 na farko ba ka biyan komai, daga na 21 zuwa na 100 dala 209.50 ne kullum a 2025, wanda Medigap mai kyau ke ɗaukewa. Bayan kwana ɗari babu kowa. Dogon zama na tsufa, irin na waɗanda na yi wa wanka shekara da shekaru, Medicare ba ta biyansa sam. Sai mutum ya cinye abin da ya tara, sannan Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, ta karɓa. Amma abin da idona ya gani, takardun sun fi zuwa wa 'yan kamfani, kuma da wuri. Auta ta ce ba ni kaɗai na lura ba: a 2022 ofishin bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasa ya duba buƙatun da irin waɗannan kamfanoni suka ƙi, ya tarar kashi 13 cikin ɗari sun cika ƙa'idar Medicare.

A zama na biyu matar ta ce mu taho da duk magungunan da muke sha. Alhaji ya juye ledarsa a kan tebur, kwalabe suka gangara har ɗaya ta faɗi ƙasa: na suga, na hawan jini, na tsinka jini, na kitse, ga alƙalamin insulin. Ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana shigar da suna da ƙarfinsa a shafin gwamnati, kwamfuta na fito da abin da kowane tsari zai ci a shekara. Magani ɗaya, a wannan tsari arha, a wancan wuta. Ta gaya mana tun 2023 insulin ba ya wuce dala 35 a wata, a 2025 kuma duk maganin da tsarinka ya amince da shi ba zai ci maka fiye da 2,000 a shekara ba. Sai ta ce in kawo nawa. Na ciro ƙwaya ɗaya ta hawan jini da man shafawa na gwiwa. Ta tura nasa gefe, nawa gefe, ta ce mu duba da kanmu mu gaya mata ko riga ɗaya za ta shige mu.

A daren ne ainihin maganar ta fito. Alhaji ya ce shi bai ga dalilin zuba wannan uban kuɗi duk wata ba, alhali gida zai koma. Ya gina gida a Kano da kuɗin motocin nan, ɗaki ɗaki, shekara da shekaru. Burinsa ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya yi salla biyar a masallacin unguwa tare da abokan ƙuruciyarsa da suka rage, in ta Allah ta kasance a kai shi inda aka kai iyayensa. Kuma gaskiya yake faɗa a abu ɗaya: Medicare ba ta tsallaka iyakar Amurka. Ka kwanta ciwo a Kano ko a Makka, katin ba ya maka komai, maganin da ka saya a can ma ba a biya. Ya juya dala 185 ta sashen B ta wata zuwa naira, ya ce wannan ai albashin wani ne. Na ce masa likitocin zuciya akwai su a Kano, ƙwararru ma, amma komai sai da kuɗi a hannu, insulin kuma sanyi yake so, wuta kuwa ya fi ni sanin halinta. Na ce ni jikokina a nan suke, na raini tsofaffin wasu, ba zan tafi in bar 'ya'yana suna jin labarina a waya ba. Ya ce ashe dai na zama Ba'amurkiya. Muka yi 'yan kwanaki daga gaisuwa sai gaisuwa.

Abin da ya sassauto da shi ba maganata ba ce. Wani abokinsa ne mutumin Maraɗi, wanda ya fara sashen B sannan ya yanke shi ya koma gida, ya ce ba zai biya kuɗin banza ba. Bayan shekara uku aka gano masa ciwon daji, 'ya'yansa suka dawo da shi. Sai da ya jira lokacin rajistar da ake buɗewa daga Janairu zuwa Maris, aka ɗora masa ƙarin kashi talatin na dindindin, wata shidansa na Medigap kuma tuni ya wuce. Alhaji ya je duba shi, ya dawo bai ce komai ba, da safe ya tambaye ni ina farar takardar nan mai layi a tsakiya.

Mafakarsa ta ƙarshe ita ce addini. Ya tari malaminmu bayan Juma'a ya ce shin inshora ba caca ba ce? Malam ya ce ɓangaren gwamnati kuɗi ne da doka ta cire daga albashin ma'aikata aka tara don jinyar tsofaffi, shi bai ga aibinsa ba. Na kamfani kuwa malamai sun yi saɓani, amma a ƙasar da jinyar mako ɗaya ke iya cinye gida, lalura ce. Sai ya zura hannu a aljihun jallabiyarsa ya ciro nasa katin, mai ja da fari da shuɗi.

Ga yadda muka ƙare. Alhaji ya zauna hannun gwamnati, muka ƙara masa Medigap mai harafin G da sashen D da ya dace da ledarsa. G tana ɗauke kusan komai in ban da kafin alƙalamin sashen B. Tana kuma da wani abu da ya yi masa daɗi: in ciwon gaggawa ya same shi a ƙasar waje cikin kwana 60 na farkon tafiya, tana biyan kashi 80 bayan dala 250 na farko, har zuwa 50,000 a tsawon rayuwa. Wannan kwana sittin ɗin shi ya raba gardamar da ni na kasa rabawa. Zai riƙa zuwa gida sau biyu a shekara, kowace tafiya ƙasa da wata biyu, ya dawo likitansa ya duba shi.

Ni kuma na shiga Advantage, abin da nake tsoro. Lissafi ne ya kai ni. Sashen B na mu biyu dala 370 a wata, G ta Alhaji ɗari da 'yan kai, ga D. A ƙara wata G ɗin, fanshonmu ba zai kai ƙarshen wata ba. Auta ta buga wa ofishin likitana waya da kanta ta tabbatar yana cikin jerin kamfanin, don ta ce littafin da suke bugawa ba kullum yake daidai ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne wanda ya shiga Advantage daidai lokacin da ya cika 65 yana da shekara guda ta gwaji. In bai ji daɗi ba yana iya komawa hannun gwamnati ya sayi Medigap ba tare da an tambaye shi ciwo ba. Alhaji ya so ya yi gardama: "Ni mai tsada, ke mai arha? Mutane su ji su ce me?" Na ce, "Mai ciwo ake jinya, Alhaji. Kuma wa zai gaya musu?"

A Nuwamba ya tafi Kano da maganin wata uku, insulin a cikin 'yar jakar ƙanƙara. Kafin ya tashi sai da Auta ta zaunar da mu muka sake duba sashen D, domin duk shekara daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake canzawa, kamfanoni kuma suna sauya farashi da jerin magani ba tare da sun nemi yardar kowa ba, wasiƙa kawai za su aiko a Satumba. A can sauro ya yi masa sannu da zuwa, aka kwantar da shi dare ɗaya a wani asibitin kuɗi aka ƙara masa ruwa. Ya tattara rasit ɗin duka, kowanne da hatimi, ya dawo da su a cikin ambulan yana cewa yau zai ga gaskiyar Bature. Auta ta juya kuɗin zuwa dala, ko kusa da 250 bai kai ba. Ta yi dariya har da hawaye. Ya ce to alhamdu lillahi da bai kai ba.

Da Janairun 2026 ta kama, sashen B ya hau zuwa dala 202.90, wato 405.80 a kanmu mu biyu, ana cirewa daga fansho kafin ya shigo banki. Ni kuma na ci moriyar tawa, an cike mini haƙora biyu, na yi sabon tabarau. Sai a watan azumi likitan ƙashi ya duba hoton gwiwar hagu ya ce ta cinye, aiki za a yi a sa ta ƙarfe. Ofishinsa ya nemi izini, kamfanin ya amsa cewa in fara yin gashi na wasu makonni tukuna su ga hali. Ina zuwa gashin. Amma duk sanda na riƙe ƙarfe biyun nan, direban babbar motar nan nake tunawa, kuma na san bayan aikin gwiwa ma akwai zaman gashi.

Shekarar gwajina za ta cika ƙarshen Mayu. In na koma hannun gwamnati, haƙori da tabarau sun tafi, ga ƙarin ɗari da wani abu duk wata, kuma ba inda kuɗin zai fito sai daga tikitin Alhaji. Ban gaya masa ba, shi ya yi lissafin da kansa a bayan ambulan ɗin rasit ɗinsa. Ya ce a soke tafiyar damina, dama sauro ne kawai ke jiransa. Ban ba shi amsa ba tukuna. Talata mai zuwa za mu koma wurin Baturiyar nan, Auta ta ce in taho da takardar likitan ƙashi da wasiƙar kamfanin.